Mushen da Na Ba Kyanwa

Shekarar da matata ta rasu, Allah ya ji ƙanta, ina koyar da Arabiyya a wata firamare a Sule Tankarkar. Ba mu haihu ba. Abin da ta bar mini mai rai, kaji ne da wata jar kyanwa mai yagaggen kunne. Kajin hatsi kawai nake watsa musu. Kyanwar kuwa ita ke tarata a ƙofa, ita ke kwanciya a gefen buzu in na zauna rubutun ajamina bayan la'asar. In na karanta abin da na rubuta da ƙarfi, ita nake karanta wa. Ban san wani a garin da ya damu da na dawo ko ban dawo ba, in ba ita ba.

Da sanyi ya fara shigowa na je kasuwar Maigatari, na tarar da wani mutum yana gaggawar rabuwa da zakara. Na sani sarai in ciwo ya shiga kaji, mutanenmu kasuwa suke rugawa da su kafin su zube. Amma zakaran ya yi mini kyau, na sa shi a kwando.

Ba a yi kwana huɗu ba kajina suka fara gyangyaɗi, fukafukai a ƙasa, majina a baki. Na jiƙa musu barkono da ɓawon maɗaci, bai yi ba. Sai na yi abin da kowa ke yi. Na wasa wuƙa, wadda na ga ta kusa sai in yanka kafin rai ya fita, in aika wa maƙwabta. Ɗaya ta riga ni. Da safe na same ta a gindin rumbu ta sandare.

Na tsaya ina kallon kazar, kyanwa na kallona. Na ce a raina, ai mushe ni aka haramta wa, ba a haramta wa kyanwa ba, kuma zubar da abinci ba kyau. Har na ji daɗin wannan fatawa tawa. Na fige, na miƙa mata. Ta ci rabi, ta lashe baki, ta zo tana goga kanta a ƙafata.

Bayan kwana biyu ta ƙi ko shinshina nono. Tana atishawa, idanunta na ruwa, numfashinta na fita da ƙyar. Na sa ta a kwandon nan, na hau mota zuwa Gumel, wajen malamin dabbobi, wani Kirista mutumin Filato mai yawan barkwanci.

"Malam," in ji shi, "tun da na zo garin nan shanu nake gani, da awaki, har raƙumi. Yau ga mage a kwando. Gobe ɓera za ka kawo mini?"

"Likita, in ta warke ita za ta kawo maka da kanta."

Ya yi dariya ya buɗe kwandon, sai dariyar ta tsaya. Ya tambaye ni me ta ci. Na gaya masa.

"Haba Malam! Kazar da ciwo ya kashe ka ba ta? Rami ake haƙawa mai zurfi a binne. Kuma da hannunka ka fige?"

Ya ce shi kansa bai tabbata ko ciwon kazar ne ya kama ta ba, amma akwai cutar tsuntsu da ba ta tsayawa a kan tsuntsu. Ya yi mata allura, ya tsaya a kaina har na wanke hannu da sabulu, ya ce in faɗa wa maƙwabtan da na aika wa nama.

A hanyar dawowa kwandon yana kan cinyata, ina jin motsinta kaɗan-kaɗan. Kafin mu iso gari motsin ya ɗauke. Dattijon da ke kusa da ni ya ce, "Malam, kaza aka sayo?" Na ce a'a.

Na haƙa rami mai zurfi bayan rumbu, kamar yadda aka gaya mini, na binne kyanwar da sauran kazar. Na bi maƙwabta gida-gida, Allah ya tsare, babu wanda ya kwanta ciwo.

Daga baya na ji a rediyo ana maganar murar tsuntsaye, wai har mutane tana kamawa a wata ƙasa mai nisa. Ko ita ce, ko wata ce daban, Allah ne masani. Na ci gaba da shimfiɗa buzu bayan la'asar, amma har aka canza mini wurin aiki ban ƙara karanta rubutuna da ƙarfi ba.