Sabuwar Salansar Yaya

Motar yayana tun tana bayan maƙabarta ake jin ta a tsakar gidanmu. Tsohuwar a-kori-kura ce, salansarta ta huje ta ko'ina, in ta taho sai ka rantse injin niƙa ne aka sa wa taya. Mutanen garinmu, can gaba da Dawakin Tofa, ba irin tsinuwar da ba su yi mata ba. Mutum ɗaya ce take son ƙarar nan, Inna, mahaifiyarmu, wadda idonta ya rufe tun kafin in yi aure.

Yaya ɗan fari ne. Saboda haka Inna ba ta faɗar sunansa, ba ta aikawa a kira shi, ko waya aka miƙa mata sai ta ce a ba wani. Kunya ba ta bari. A Kano yake zaune, amma gonar kajinsa tana gaba da garinmu, hanya kuma ɗaya ce, ta ƙofar gidanmu ta bi. Da Inna ta ji motar sai ta lalubi bango ta fito zaure, ta zauna tana gyara mayafi, wai iska ta fito sha. Dole ya tsaya, don gari duka ya ji zuwansa, ba halin ya wuce. Zai durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana fuskantar wani gefe, ta tura masa ƙwaryar fura da bayan hannu. Wannan ɗan zaman take jira daga mako zuwa mako.

Shi kuwa abin ya ishe shi. Ya fara yawo da masu zuba jari a kaji, masu farar shadda da ƙamshi, ba ya son su ga zauren ƙasa da tsohuwa tana laluben takalmi. Ba zarginsa nake yi ba, da bakinsa ya ce mini Inna tana ɓata masa lokaci a gaban mutane.

Wata Asabar ya ce in raka shi wurin mai walda a bakin titin Bici. Na yi murna, na ɗauka ya tuna yana da ƙani. Aka hau da motar kan rami, mai walda ya shiga ƙarƙashi ya ƙwanƙwasa, tsatsa ta zubo masa a ka.

"Alhaji, wannan ta gama aiki," in ji shi. "Bututu mai faɗi za mu sa, mota ta samu numfashi, ta ja buhunan abincin kaji ba nishi. Amma fa mai faɗi ya fi ƙara. Samari ma don ƙarar suke sa shi."

"Ƙarfin nake so," in ji Yaya. "Ƙarar ce ba na so ko kaɗan."

Mai walda ya ce to sai dai a yi wa salansar tukunya biyu ta shanye ƙara, ƙarama a tsakiya, babba a baya, cushe da wata irin auduga da ba ta cin wuta. Aka kawo, aka canja gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗar bututu, aka rataye komai da sababbin robobi don kada ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe. Yaya ya tsuguna a bakin rami da farar rigarsa yana duba kowace mahaɗa, mutumin da ban taɓa ganin ya buɗe bonet ba. Da aka tayar da ita, ni dai na ce ma sha Allah. Shi bai gamsu ba.

"Je ka bayan katangar can ka zauna," ya ce mini. "Ka rufe idonka. In na wuce ka gaya mini ko ka ji."

Na je na zauna na rufe ido kamar wawa. Na ji ɗan huci ya wuce, na faɗa masa. Ya sa mai walda ya sake shiga rami, ya gano wata 'yar kafa ya toshe. Karo na biyu ban ji komai ba sai kukan awaki. Na buɗe ido na gan shi yana dariya yana tafa hannun mai walda, sannan na gane a madadin wa aka zaunar da ni. Raina ya ɓaci.

A hanya na ce, "Yaya, Inna fa?"

"Inna me? Shinkafa ba ta zuwa ne? Kai da ba ka da aikin yi sai ka zauna ku yi ta hira."

Damina ta shigo, dawa ta yi tsawo, motar ta dinga wucewa ta ƙofarmu gilashi a rufe. Inna ta dinga fitowa saboda tarakta, saboda babur mai fasasshiyar salansa, ta zauna, ta koma ciki. Fura ta yi ta tsami a ƙwarya. Ba ta tambaya, sai dai ta ce, "Hanyar nan ta yi shiru." Ran da na kasa daurewa na gaya mata gaskiya tsaf, har da zaman bayan katanga.

"Kai dai tun kana ƙarami ba ka son a yabi wani," in ji ta. "Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Da ya wuce da na ji."

Ta daina cin tuwon matata na ɗan lokaci. Na ji zafin wannan ƙwarai.

Wata rana bayan la'asar ruwa ya ɓata hanya daidai ƙofar gidanmu, shanu kuma suna tsallakawa. Ina gyara magudanar ruwa da fartanya, Inna tana kan dakali, sai ga motar. Ba inda za ta bi, ta tsaya a gaban Inna, kusa har Inna tana iya miƙa hannu ta taɓa ta. Wani baƙo da ke zaune a gaba kusa da Yaya ya sauke gilashi yana kallon shanu. Inna ta ji taya a taɓo, ta ɗago kai.

"Sannunku masu mota. Daga Kano kuke?"

Yaya ya kama sitiyari da hannu biyu. Ya kalle ni, na kalle shi.

"Daga Kano, Baba," in ji baƙon.

"To don Allah ina da roƙo. Akwai wata mota mai ƙara, ta yayan wannan ce," ta nuna inda take jin fartanyata. "Ta daɗe ba ta biyo ba. In kun gan ta a hanya ta lalace, ku taimaka masa, kada ku wuce shi."

Baƙon ya juya ya dubi Yaya, don ya san ni ƙaninsa ne. Yaya bai buɗe baki ba, ya san da ya yi tari ma za ta gane shi. Sai ya zunguri baƙon da gwiwar hannu.

"In sha Allahu, Baba," in ji baƙon, muryarsa ƙasa ƙasa.

Shanu suka gama wucewa. Yaya ya ɗaga gilashi ya ja motar, taɓo ya fantsamo wa Inna a zane. Ta shafa wurin da hannu, ta ce Allah ya kai su lafiya, da ganin hali 'ya'yan mutunci ne.