Gawon Gonarmu da Tsaunukan Girka

Ƴata ta fari a Paris aka haife ta. Da ta gama lise, wato sakandare, ta ce tarihin Girkawan dā za ta karanta a jami'a a Lyon. Na yi faɗa sosai. Shekara ashirin ina sauke kwalaye a wani magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, na Aubervilliers, ban ga dalilin da za ta ƙare ƙuruciyarta a kan mutanen da suka mutu tun kafin Annabi Isa ba. Uwarta ta goya mata baya, na ƙyale, amma ban taɓa tambayar ta abin da take koyo ba.

A shekararta ta ƙarshe na hau jirgin ƙasa na kai mata kilishin da aka aiko daga Maraɗi. Bayan la'asar muka hau tudun da ke bisa garin muka zauna. Ta nuna mini wani hoto a wayarta: tsaunuka tsirara, sai duwatsu da ƙaya.

"Baba, ina ne nan a ganinka?"

"Kamar hanyar garin Tawa," na ce.

"Kusa da Atina ne, babban birnin Girka. A dā akwai kurmi. Suka sare don sassaƙa jiragen yaƙi, suka ƙona gawayi don narka azurfa. Abin da ya toho, awaki suka cinye. Ruwan sama ya kwashe ƙasar ya kai teku."

"Ba su sani ba ne?"

"Wasu sun sani, har sun rubuta. Amma ba a daina ba."

Ta ci gaba da bayani, ni kuwa hankalina ya koma gida. Bayan rasuwar mahaifinmu, akwai manyan itatuwan gawo a gonar gabas da ya bari. A ƙarƙashinsu hatsi ya fi kyau, da rani kuma tumaki na cin ƴaƴansu. Ni ina son fita waje, sai na kawo masu gatari da kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya. Yayana ya tsaya a bakin gona ya ce, "Ka bar ko biyu." Ban bari ba. Da kuɗin wannan itace na zo Faransa.

Na so in faɗa mata wannan labarin. Sai na ce sanyi ya fara, mu sauka.

Washegari a tasha, ina jiran jirgi, na kira yayana. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Yaya, ina labarin gonar gabas?"

"Kwazazzabo ya raba ta biyu. Bana gefe guda kawai na shuka. Me ya tuna maka da ita?"

Babu zargi a muryarsa. Na buɗe baki zan nemi gafara, sai na ji kaina ina tambayar sa ciwon ƙafarsa. Ya ce da sauƙi. Damina ta gaba ya rasu.

Yanzu ƴata tana koyarwa a wata makaranta a Sevran. Kowane hutu sai ta ce in kai ta ƙauyenmu ta ga inda na tashi. Bara na ce aiki ya yi yawa. Bana ban san abin da zan ce mata ba.