Buhunan da Na Bari a Sorau

Sana'ata hatsi ce. Ina sayen masara da wake da gyaɗa a ƙauyuka, in tara a Mubi, in loda wa manyan motoci su yi kudu. Na fara da ɗaukar buhu a ka, yanzu wasu ke ɗauka mini. Babban abin da aikin ya koya mini shi ne in dubi kaya sau ɗaya in san wanda ya cancanci gurbi a mota da wanda bai cancanta ba. Da wannan idon na je ɗauko mahaifiyata daga Sorau.

A lokacin shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifinmu, tana zaune ita kaɗai a gidan. Tana da hawan jini, kuma ba ta shan magani sai ciwon kai ya matsa mata. Wata rana ta faɗi a bakin rijiya, maƙwabciyarta ce ta tsince ta. Likita ya ce kada a sake barinta ita kaɗai, domin faɗuwa ta biyu ba a san yadda za ta zo ba. Ƙannena duk mata ne, suna gidajen mazajensu nesa. Sai na gyara mata ɗaki a gidana, na sa tayil da fanka da katifa, na sayo bargon kanti mai laushi, na ɗauki a-kori-kura na tafi.

Dada muke kiranta. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma roƙona komai kai tsaye. Ranar tashi ba ta yi gardama ba. Aka fito da akwatinta da kwanukanta da tukwane da awaki biyu. A ƙarshe direba ya jawo buhunan taki guda biyu daga bayan gado, ya ce motar ta cika. Na kwance bakin ɗaya na leƙa: tsummoki ne, guntayen zannuwa da hannayen riguna da ƙafafun wanduna. Na ce a bar su, na gaya wa maƙwabciyar ta ɗebi abin da zai yi mata amfani. Dada tana zaune a gaban mota, tana kallo.

Ba wai ban san amfanin tsummokin ba. A cikin bargunan da take haɗawa da su na girma. Takan yanka ƙyallaye kamar faɗin tafin hannu, ta jera su ta ɗinke, ta sa tsohon zane a tsakiya da wani a baya, sannan ta bi duka da ɗinki ƙanana har su zama abu ɗaya. Da damina in ruwa ya kwana uku yana zuba, sanyi ya sauko daga duwatsu, mu huɗu muke shiga guda ɗaya. Yana da nauyi, yana danne mutum. Amma ni a wurina wannan aikin rashi ne. Wanda ya iya sayen bargo me zai yi da faci?

Ta yi wata biyu a Mubi lafiya lau. Tana shan magani a kan kari, matata tana auna mata jini. Sai dai ba ta yin komai. Girki an hana ta, shara akwai mai yi, awakin kuma na kai su wajen wani mai kiwo a Wuro Patuji don kada su ɓata tsakar gida. Takan zauna a ƙofar ɗaki, hannayenta a kan cinya, daga hantsi har azahar. Bargon kantin yana ninke a cikin ledarsa, da zanenta take rufa.

Wata safiya na je gaishe ta, ta ce mini, tana kallon bango, in an gama noman farko za ta koma gida. Ba ta ce tana neman izini ba. Na san ta. In ta faɗi magana haka, ko da ƙafa za ta tafi. Na kuma san abin da likita ya ce.

Na tambaye ta ko wani ya ɓata mata rai, ta ce babu. Ko abincin ne, ta ce abinci ya yi. Matata ce ta gano bakin zaren bayan kwana biyu. Ta ce Dada ta nemi allura a wajenta, da ta ba ta sai Dada ta juya ta a hannu ta mayar, wai ta manta ba ta da abin ɗinkawa.

Na ɗauka abu mai sauƙi ne. Na shiga kasuwa layin 'yan yadi na sayo atamfa kala shida da shadda da zare da almakashi sabo, na ajiye a gabanta. Ta yi godiya, ta sa albarka, ta ninke su ta tura ƙarƙashin gado. Mako ya wuce ba ta taɓa ba, maganar tafiya kuma tana nan. Ranar nan na ajiye kunya na tambaye ta dalili.

Ta ce sabon yadi ba ya yin bargo. Sitaci ne a jikinsa, allura ba ta ratsa ninki uku, kuma in an wanke kowane ƙyalle zai tsuke ta gefensa, ɗinkin ya karkace. In an haɗa shi da tsoho kuma sai ya ja tsohon ya yage. Tufa sai ta sha wanki da rana da gumi, ta gama tsukewa, sannan take kwanciya kusa da wata. Ta ƙara da cewa:

"Kuma wannan ban san kowa a cikinsa ba."

A nan na fahimci abin da na bari. Buhu ɗaya kayan mahaifinmu ne, waɗanda suka tsufa da yawa har ba a raba su sadaka ba. Shekara biyu tana farke su tana wankewa tana yankawa.

Washegari na bar awo a hannun abokin aikina na hau mashin zuwa Sorau. Maƙwabciyar ta bi maganata yadda na faɗa. Ta raba wa matan unguwa, wasu sun yi gammo, wasu sun yi tsumman sauke tukunya, wata ta ɗaure shingen gonarta. Ban ga laifinta ba. Muka bi gida-gida da ita, ni ɗin da mutane suka sani da Alhaji mai hatsi, ina sallama ina tambayar tsumma. Wata tsohuwa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ko kasuwar wake ta faɗi ne na koma bola. Abin da muka samu mai tsabta bai cika rabin buhu ba.

Dada ta zazzage shi a kan tabarma ta yi ta ware su har la'asar. Ba ta ce na kyauta ba, ba ta kuma ce na yi ɓarna ba. Ta ce ba zai kai bargo ba. Matata ta shiga ɗaki ta fito da tsofaffin zannuwanta da ta tara don musanya da robobi, 'yan matanmu suka kawo kayan makarantar da suka yi musu kaɗan. Ni ma aka binciko wani kaftani shuɗi da nake sawa tun ina dako, wanda kafaɗarsa ta koɗe. Dada ta murza shi tsakanin yatsu ta ce wannan ya nuna. Sannan ta ce za ta tafi in ta gama.

Ciniki ne, na gane shi, na kuma karɓa. An gama noman farko tana yanka. An yi na biyu tana jerawa. Ɗinkin ya kai ta har kaka, domin idonta ba kamar da ba, kuma in layi ya karkace sai ta farke. Da aka gama, bargon bai zauna a ɗakinta ba. Duk wanda zazzaɓi ya kama a gidan shi ake lulluɓa masa. Da yamma a shimfiɗa shi a tsakar gida, 'yan matan su kwanta a kai suna gardamar wane ƙyalle na wa ne, ita kuma tana raba musu gardama: wannan aljihun kakanku ne, wancan zanen da uwarku ta zo da shi. Ni kaina na rufa da shi sau ɗaya da mura ta kwantar da ni. Nauyin yana nan yadda na sani. Na yi barci har aka rasa ni a kasuwa.

Kafin ta kai ƙarshen wancan na riga na kafa doka cewa tsohuwar tufa ba ta fita gidan sai ta bi ta ɗakin Dada. Na aika wa ƙannena su ma su turo nasu. Ta fara na biyu, ta ce in ta gama shi za ta tafi. Da na ga kayan suna raguwa, sai na zaɓo wata rigata ta shadda da ban fi shekara da ɗinkawa ba, na ɗan farke hammatarta, na kai mata cikin sauran.

Ta ɗaga rigar ta duba ta a rana, ta duba farkewar, ta dube ni. Da wuya take duban idona.

"Wannan da reza aka yi," in ji ta.

Na ce ƙusa ce a sito.

"Ƙusar tana da hannu mai kyau." Ta zare allura, ta ɗinke wurin nan take, ta ciji zaren, ta miƙo mini. "Ba ta nuna ba. Je ka ƙara sa ta shekara biyu, ka kawo mini."

Na karɓa na sa ta a kafaɗa na fita, domin motar Sorau ta iso da wake ana jirana a wajen awo.