Matar da Ta Ƙi Zama Bayan Tebur

A ofishin jin daɗin jama'a na unguwarmu a Rosario akwai ma'aikaciya mai furfura da ba ta zama bayan tebur. Gefen mutum take jawo kujera. Ina jin tun a jami'a ta yarda cewa tebur iko ne.

Yau gefen wata tsohuwa take, wadda hukuma ta ɗauke wa jika. Ma'aikaciyar tana miƙa wa tsohuwar ƙoƙon mate, shayin ganye da ake sha a nan Ajantina.

"Doña Ermelinda, ni da ke ɗaya muke."

Tsohuwar ba ta karɓa ba. "To ba ni yarona."

"Wannan ba a hannuna yake ba."

"Koma bayan teburinki, 'yata. A can na san wanda zan roƙa."

Ƙoƙon yana nan a miƙe.