Tattabarun Kawu a Ƙarƙashin Sola

Wasu shekaru can baya, lokacin ina zaune a Bobigny ta ƙasar Faransa, kawuna ya kira ni ya ce lallai in zo Lyon in ga abin da Allah ya yi masa. Bawan Allah ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗaukar kwalaye a wani depo na ajiyar kaya a Vénissieux, har ya samu ya sauko daga benayen haya na unguwar Minguettes ya sayi ɗan gida na kansa. Gidan nan shi ne duk abin da ya mallaka a duniya. Sai kuma ya sa aka ɗora masa farantan sola a kan rufi. Tun daga ranar, ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya sako zancen panno, wato farantan nan.

Ina isa, ko ruwa ban sha ba ya ja ni bayan gida ya nuna mini sama. Tattabaru ne birjik, sun cusa ciyawa da tsinkaye a ƙarƙashin farantan, sun yi sheƙa har kan wayoyi. Hajiya matarsa ta ce, "Ɗana, yi wa kawunka magana. Wanda ya haɗa abin nan ya ce a kewaye shi da raga, busasshiyar ciyawa kusa da waya gobara ce."

Kawu ya ce, "Haba Hajiya! A Damagaram wa ya taɓa korar tattabara? Ba ta zama gidan tsiya. Arziki ya biyo ni har Faransa, ki ce in sa masa raga?" Ashe har gero yake saye yana watsa musu.

Ni kuwa ga tuwon Hajiya a gabana, ga kawu a gefena, sai na ce dukansu suna da gaskiya.

Washegari bayan azahar, rana ta take, muka ji ƙauri. Hajiya ta leƙa tukunyarta, lafiya lau. Sai ga maƙwabciyarsu tana ihun gobara da Faransanci, "Au feu! Au feu!" Muka fito, hayaƙi na tuɗowa daga ƙarƙashin farantan.

Hajiya ta kira 'yan kwana-kwana. Ni, sarkin iya yi, na ruga na kashe lantarkin gidan, na fito ina cewa, "Na gama da shi, a ba ni ruwa!" Kawu ya jingina tsani ya riƙe, ya miƙo bokiti. Wallahi ban san ina tsoron bisa ba sai ranar. Na kama hawa, ban kai rabi ba na leƙa ƙasa, bokitin ya suɓuce, ruwan kaf ya ƙare a kan kawu.

Ragwantar nan ce ta cece ni. Da 'yan kwana-kwana suka kashe gobarar, shugabansu ya ce muddin rana na dukan farantan, lantarki na nan cikin wayoyinsu, ko me ka kashe a ƙasa. Ya dubi bokitin, ya dube ni, ya girgiza kai. Wai mahaɗin waya ne ya saki ya yi tartsatsi, sheƙa ta kama. Gefen rufi ya ƙone, gida ya tsira.

Hajiya ta ce, "Alhaji, barka. Arzikinka ya iso, har da jiniya." Kawu jiƙe sharkaf ya kama matse rigarsa. Cikin satin aka sa raga.

Har yau idan aka taru sai an tsokane ni da bokitin nan, ni ma in taya su dariya. Kuma na daina cewa kowa yana da gaskiya don a ƙara mini miya. Amma akwai abin da ba na faɗa a taro, don yana sa ni ƙwalla. Bayan kowa ya watse, na leƙo ta taga na ga kawu shi kaɗai, ƙafa ba takalmi, ya dafa bangon gidan da hannu, kamar mai duba marar lafiya. Na ji shi a hankali ya ce wa gidan, "Sannu. Ka yafe ni."