Tsagar Gado Bahago

A ƙasar Arewa, daga Matankari har Dumega, in ka ga mutum da tsaga biyu daga gefen baki zuwa kunne, ta hagun kuma ta ɗan karkata sama, ba sai ka tambaya ba, aikin Gado wanzami ne. Bahago ne shi. Ubansa, da ya gadar masa da zabira, ya doki hannun nan har ya gaji, bai gyaru ba. Daga baya karkatar ta zama abin taƙama. Mutanen ƙauyensu, Unguwar Kalgo, da ita suke gane juna a kasuwar Kamba, har can Kurmi inda samari ke zuwa neman aiki.

Shekara talatin yana aski, yana ƙaho, yana cire belu, yana tsaga jarirai ranar suna. Ga shi da baki, Allah ya sawwaƙe. Ka ba shi kanka ya aske, kafin ya gama ka ji labarin gari kaf, har da naka da ba ka san ya fita ba.

Shekara ta huɗu da samun mulkin kai, ana tsakiyar yankan hatsi, rediyon mai gari ya ce 'yan Sawaba, jam'iyyar da gwamnati ta hana, sun ƙetaro iyaka da bindigogi. Aka ce kowane namiji ya ɗauki baka ko gora ya shiga daji farautarsu. Mutanen da ko ɓarawon akuya ba su taɓa kamawa ba! Hatsi na gona, tsuntsaye na shagali. Labari kuma na zuwa daga ko'ina, wai garin da aka gane ɗansa na cikinsu, ko ya ba su fura, an tuɓe mai garin, an kwashe maza zuwa kaso, wasu suka ce har rumbuna aka cinna wa wuta.

Wata Alhamis da hantsi motar masu kaki ta tsaya a ƙofar Gado, aka ce ya ɗauko hularsa. Aka kai shi bakin kasuwar wani gari da ke arewa da su. Ya tarar da wanzamai huɗu na ƙauyukan kewaye a tsaye, da gawa a ƙarƙashin gawo an rufa mata tsohuwar tabarma. An harbe mutumin a daji, ba a sami takarda ko ɗaya a jikinsa ba. Shugaban masu kakin baƙo ne a ƙasar, amma ba wawa ba ne.

"Ku ke rubuta wa mutanen nan takarda a fuska," in ji shi. "To, ku karanta mini. Ɗan wane gari ne?"

Aka janye tabarma. Gado ya dubi fuskar. Ɗanmalam ne, ɗan maƙwabciyarsa Lantana, shi kaɗai ta haifa. Ya tuna ranar da ya tsaga shi: jaririn ya yi atishawa, aska ta ɗan goce a ƙasan kunne. Ga gocewar nan, ta girma tare da mai ita. Bayan Babbar Salla Ɗanmalam ya tafi Kurmi, ya bar matarsa Kubra da ƙaramin ciki. Yadda aka yi ya riƙe bindiga, Allah kaɗai ya sani.

Wanzaman huɗu duk sun gane hannun, ko makahon cikinsu zai gane. A cikinsu Gado ya fi jin tsoron Mani, wanda suka shekara ashirin ba sa ga-maciji saboda rabon gidajen suna. Mani ya duƙa, ya daɗe yana dubawa, ya miƙe ya ce idonsa ya mutu, a tambayi Gado.

"Ranka shi daɗe, wagga ba askar Arewa ba ce," in ji Gado. "Ta can ƙetaren iyaka ce. Dubi yadda ta karkace. Mu nan, ko mai koyo ba ya yin irin wanga ƙazamin aiki."

Mai kakin ya yi dariya, ya sallame su. 'Yan kaso biyu suka ja gawar zuwa bayan dutse suka turbuɗe, ba wanka, ba salla, ba suna.

Unguwar Kalgo ta tsira. Ba a taɓa rumbu ko ɗaya ba, ba wanda kuma ya ce wa Gado sannu, don ba wanda ya sani. Ya dawo ya ce an kai shi aske wa wani babba kai ne. Faɗa wa Lantana ba ta taso ba. In ta ji za ta yi kururuwa, Kubra ta shiga takaba, a shimfiɗa tabarmin makoki, alhali a shekarar nan kowane gari akwai mai kai rahoto. Kafin azahar motar za ta dawo. Sai mai bakin nan ya yi gum. Mutane suka ce iska ce ta taɓa shi a hanyar kasuwa, har aka ba shi shawarar ya ga masu bori. Shi kuwa baƙin ciki ne ke cinsa, da haushin yaron da ya mutu ya bar masa wannan kaya.

Shekaru suka wuce a haka. Lantana ta rasu tana tambayar duk wanda ya dawo daga Kurmi. Kubra sai da ta shekara huɗu kafin aka raba auren. Amma duk wannan bai ci ran Gado kamar wata safiya a cikin sanyin shekarar nan ta farko ba, ranar sunan ɗan da Kubra ta haifa.

An yanka rago, tsakar gida cike da mata. Gado ya aske jaririn, ya fara naɗe zabira. Lantana ta riƙe masa hannun riga.

"Wanzam, ina tsagar?"

"Zamani ya sake, Lantana. Yaran yanzu a bar su haka."

"Kai dai ka cika wasa. Kai ka yi ma uban, kai za ka yi ma ɗan. Ka yi ta sak, har da 'yar gocewar nan ta ƙasan kunne. In ya dawo kada shi tsaya tambayar kowa, shi gani shi san nashi ne."

Mata suka yi dariya, suka matso. Gado ya sake warware zabira. Ya wasa aska, ya ɗora yaron a cinya, ya ja ta dama, ya ja ta hagu, da ya iso ƙasan kunne ya gotar da hannunsa da gangan. Ya shafa baƙin tukunya. Lantana ta karɓi jikanta tana kallon fuskar, hawaye na zuba, tana murmushi.

"Shi ne wallahi. Allah shi maido uban lafiya."

Gida ya ɗauka da amin. Gado ma ya ce amin, don ana kallonsa.