Ranar da Baffa Ya Ɗauke Ni Ƙaninsa

Ina saurayi na bar Azare, na bi fataken goro har Kumasi. Can na koyi ɗinki, na yi aure a zangon Hausawa, na hayayyafa. Mahaifina ya rasu ina can, labarin ma sai da ya tsufa kafin wani mai kai shanu kudu ya kawo mini. Sai bayan yaƙin Turawa na biyu ya lafa na samu halin zuwa ganin gida.

Motar 'yan gyaɗa ce ta sauke ni. Na tsaya riƙe da akwati, na rasa inda zan dosa, don tsamiyar da nake kwatancen unguwarmu da ita an sare ta. Da tambaya na kai gidan da aka haife ni. Yayata ta fito ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta fashe da kuka.

Kwanakin farko duk a ruɗe na yi su. A Kumasi ɗan Katagum ake ce mini, nan kuma sai na ji ana cewa ga ɗan Gwanja ya zo. In dattijo ya ja gaisuwa, ni na riga na kai ƙarshenta, sai mu yi cirko-cirko. Tuwon gero da miyar kuka da na yi shekaru ina kewa, da aka ajiye mini sai na ji harshena yana neman manja da barkono. Na ji kunyar kaina, ban gaya wa kowa ba.

Wata safiya Yaya ta ce, "Ba za ka koma ba ka gaida Baffa ba. Shi kaɗai ya rage mana."

Baffa wan mahaifinmu ne. Lokacin da danginmu suka taso zuwa Azare, shi ya ƙi barin Katagum. Na ari keke na kama hanya, rabi a kan sirdi rabi ina turawa cikin rairayi, har na kwana a wani ƙauye. Damina ta ja baya, gero ya sunkuya, shanun Fulani suna ta gangarawa fadama. Na sha tsayawa ina kallo kamar wanda bai taɓa gani ba.

Na tarar da shi a zaure kan buzu, ya tsufa ƙwarai, idanun sun yi hazo. Na durƙusa na yi sallama. Yana jin muryata sai ya miƙo hannu ya kama wuyan rigata.

"Auta! Sai yau ka ga dama?"

Auta mahaifina ne, haka 'yan gidansu suke kiransa. Na ce, "Baffa, ni ne, ɗansa, wanda ya tafi Kumasi."

Ya yi dariya. "Ka fara ke nan. Ba ka da zance sai na yaron nan."

Matarsa, wadda muke kira Inna, ta leƙo da ƙwaryar fura. Ta ɗan girgiza mini kai, ta ce a hankali, "Ƙyale shi, ɗana. An sha gaya masa rasuwar, kowane karo sabon kuka yake yi."

Sai na zauna, ban san ko ni wane ne a zauren nan ba. Baffa ya yi ta hira. Ya tuna mini yadda wai ni da shi muka tsallaka kogi a kan gora muna yara, jaki ya ƙi shiga ruwa, mahaifinmu, wato kakana, ya zane mu duka biyu. Ina ta cewa "haka ne", alhali ko haifata ba a yi ba a lokacin. Can sai ya rage murya.

"Ka daina zuwa tasha kana tsare fatake da tambaya. Mutane sun fara yi da kai. Kai ka sa masa albarka ya tafi, to ka bar shi ya nemi abincinsa. Zai zo."

Mahaifin da na sani mutum ne mai kame fuska, ranar da zan tafi ko ƙofar gari bai raka ni ba. Ban taɓa zaton ya tsaya a tasha saboda ni ba.

"Ka ji ko?" in ji Baffa.

Na ce, "Na ji, Yaya." Kalmar ta fito da kanta.

Na ɗaga ƙwaryar na kafa kai don kada Inna ta ga idona. Nonon na safiyar nan ne, furar da ɗan yajin citta. Na shanye tas, Inna ta ƙaro.

Na yi 'yan kwanaki a gidan. Kullum da hantsi mu zauna a zaure, shi da ƙaninsa, ni kuma ina sauraron ƙuruciyar mahaifina. Sau ɗaya ya shafa fuskata, ya ce gemuna ya canja. Na ɗauka ya gane ni, sai kuma ya shiga zancen wata gona.

Ranar da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce in dawo bayan kaka, in zo masa da yaron in ya iso. Na amsa da to.

Da na koma Kumasi mai ɗakina ta tambaye ni yaya gida. Na dai ce mata ta soma shiri, baɗi da ita da yaran za mu je.